Jiran Rantsuwa Ta Ci Baffa

Ban da noman albasa, akwai wani aikin da muka gada a gidanmu, wato jiran wani tsoho ya lalace. Tun kafin a haife ni aka fara shi, na taso na tarar ana yi, ni ma na sa hannu ban tambayi dalili ba. Tsohon ƙanin kakana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Baffan mahaifina ke nan. Layi biyu ne tsakanin gidansa da namu a Wudil, ta gangaren kogi, amma ban taɓa taka zaurensa ba sai da na haifi 'ya'ya uku.

Abin da kowa ya yarda da shi a labarin ba shi da yawa. Wata Juma'a ce da rani, ranar kasuwa, maza duk sun haura kara wajen cinikin shanu. Kafin a tafi masallaci aka tsinci kakana a lambunsa na bakin kogi, kwance kusa da jigonsa, kansa a fashe. Ga 'yan yanzu da suka buɗe ido suka ga injin ban ruwa, jigo doguwar sanda ce da ake ɗorawa a kan gwafa, guga a gaba, ƙaton curin busasshiyar laka a baya, da ita ake ɗebo ruwa daga kogi. Da safiyar ranar an ji kakana da ƙaninsa suna cacar baki a kan iyaka, domin kogi ya ci gefen lambun da damina, kowannensu yana cewa rabon ɗan'uwansa ne ruwa ya tafi da shi. Aka kama ƙanin tun ba a yi wa gawar wanka ba, aka wuce da shi Kano. Alƙali ya nemi mutum biyu da suka gani da idonsu, ba a samu ko ɗaya ba. Aka ba shi Alƙur'ani, ya yi alwala ya rantse ba shi ya kashe ɗan'uwansa ba, aka sallame shi ya dawo gida. Baba yana ɗan shekara goma sha biyu a lokacin.

Daga nan shari'ar ta bar hannun alƙali ta koma hannun Gwaggo, yayar Baba, wadda har yau ba a taɓa ɗaukaka ƙara a kan hukuncinta ba. Ta ce duk wanda ya dafa Alƙur'ani a kan ƙarya rantsuwar sai ta ci shi, ba ya shekara. Saboda haka a zuba masa ido kawai. Kada wanda ya gaishe shi, kada wanda ya ci abincin gidansa, ba suna ba biki ba ta'aziyya. Shekara ta zagayo, Baffa ya yi ƙiba. Gwaggo ta ce kumburi ne.

Haka muka yi ta tara hujja. Haƙorinsa ya fita, aka ce ta fara ta baki, tunda da baki ya rantse. Tunkiyarsa ta mutu, aka ce ta shiga dukiya. Ya faɗo daga keke a kan gada ya tashi ya kaɗe rigarsa, aka ce gargaɗi ne. Wata damina katangarsa ta zube, Gwaggo ta kusa yin guɗa, duk da cewa a ruwan nan katangun rabin unguwa sun zube, har da tamu. Tamu ruwa ne ya ci ta, tasa kuwa rantsuwa ce. Da ya tafi Makka aka ce tsoro ya kai shi, kuma ba zai dawo ba. Ya dawo da haƙorin Makka a gurbin wanda rantsuwa ta cire. Ina ƙarama, in an aike ni kai niƙa, Gwaggo takan ce in bi ta ƙasan layi in ga yadda mutumin can ya kwana. Nakan dawo in ce na gan shi yana tari, ko da ban gani ba, don ranar da na kawo labarin tari nama biyu take sa min a miya.

A shekarun nan ɓangarenmu ya yi ta raguwa. Kakata ta rasu, ƙannen Baba biyu suka rasu, mijin Gwaggo ya rasu, duk cikinsu babu wanda ya taɓa rantsuwa a kotu. Shaidu kuwa sai ƙaruwa suke. Ranar da alƙali ya nema babu ko ɗaya, amma kafin in yi aure rabin tsofaffin unguwarmu sun ga abin da idonsu. Na taɓa jin wani mai shayi yana kwatanta yadda aka ɗaga fartanyar da aka ce da ita aka fasa kan kakana, da na lissafa shekarunsa sai na ga a lokacin uwarsa ma ba ta yi aure ba.

Shi Baba bai taɓa sa baki a wannan hira ba. Bai gaishe da Baffansa ba, in sun haɗu a masallacin Juma'a sai ya canja sahu, amma ban taɓa jin ya ce shi ne ba. Sai shekarun baya da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, likita ya daina ƙara magani ya koma ƙara addu'a, ya kira ni wata safiya ya ce in rufo ƙofa.

Ya ce, “Ni tafiya ta zo. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Shekara hamsin da ɗoriya ban ce wa ƙanin ubana ina kwana ba. In ba shi ba ne, na yanke zumunci a banza, kuma da wannan zan tsaya gaban Allah. In kuwa shi ne, ba zan je in durƙusa wa wanda ya fasa kan ubana ba. Ke kin yi boko, kina da waya mai ɗaukar magana. Ki je ki tambayo min waɗanda suka rage.”

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Mutum ya zauna shekara hamsin da tambaya a ciki, sai da masu amsar suka ƙare, shi ma ya kusa ƙarewa, sannan ya ɗora wa malamar firamare aikin da alƙali ya kasa. Amma na kalli ƙafafunsa da suka kumbura har fatar tana sheƙi, na ce to.

Na fara da wani tsohon masunci da ake cewa yana cikin kwalekwale a tsallake ranar, ya hango komai. Na same shi a gindin bishiya yana gyara koma da hannu, don idon ya tafi. Bayan mun gaisa, ya tambayi gida da yara da mai jiki, na kunna waya. Ya gyara murya kamar za a sa shi a rediyo. Ya ce masu koro shanu zuwa kara ne suka ratso ta lambun, shanu suka faɗa albasa, kakana ya tare su da faɗa, ɗayansu ya sauke masa sanda a goshi. A goshi, ya maimaita, har yana taɓa nasa.

Na ce wa masuncin, “Baba, amma Gwaggona ta ce kai da bakinka ka gaya mata ƙaninsa ka gani.”

Ya ce, “Ai ita da labarinta ta zo, 'yata. Ni kuma ba na musu da baƙo.”

“To me ya hana ka faɗa wa alƙali zancen masu shanu?”

“Wa ya tambaye ni? Kuma Kano a lokacin ba nan kusa ba ce. Wa zai duba min koma?”

Na biyun wata tsohuwa ce mai ginin tukwane a Dagumawa, wadda aka ce ita ta fara ganin gawar da ta je ɗibar yumɓu. Na hau ɗan sahu na je. Ta ba ni tabarma, ta ba ni ruwa a sabuwar randa, ta yi kuka kaɗan don gyara zance. Ta ce babu wasu shanu, ko sawunsu babu. Igiyar guga ce ta tsinke, curin lakar jigon ya sauko masa a ƙeya. Ta ce ita ta rufe masa fuska da mayafinta, don haka ta gani sarai, a ƙeya ne. Na ji daɗi, na ce yau dai ga mai ido. Da surukarta ta rako ni bakin hanya sai ta rage murya ta ce, “Malama, kada ki ɗora da yawa a kai. Yayarta ce ta tsinci gawar. Da ta rasu ita Inna ta gaji kayan aikinta, ta haɗa har da labarin.”

Na dawo na zauna da Gwaggo, wadda ranar da abin ya faru tana ɗakin mijinta a Darki, sai da la'asar labari ya iske ta. Wannan bai hana ta sanin launin hular da Baffa ya sa ba, da hannun da ya riƙe fartanya, da kalmar ƙarshe da kakana ya faɗa. Na ce masunci ya ce goshi, mai tukwane ta ce ƙeya. Ta ce duk sun yi gaskiya, gaba da baya ya sare shi. Na ce to wa ya yi masa wanka, shi ai ya gani. Ta ce limamin unguwa ne, Allah ya ji ƙansa, ya rasu tun ina goye. Sannan ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita ba ta san abin da boko yake ƙara wa mutum ba in ban da tambayar abin da kowa ya sani.

Na kunna wa Baba duka ukun. Ya saurara ido a rufe. Da aka gama ya ce saura mutum ɗaya.

Na ce, “Haba Baba!”

Ya ce, “Ni ɗa ne, ba zan iya kallon idonsa in tambaye shi ba. Ke kuwa jika ce. Tsakanin jika da kaka babu maganar da ba ta faɗuwa, in dai da wasa aka shigo da ita.”

Gaskiyarsa ne. A wurinmu jika mace matar kakanta ce ta wasa, ta ce masa tsoho mai ran ƙarfe, ta ce ya ƙi mutuwa ya bar wa mutane wuri, kowa ya yi dariya. Ni dai an hana ni wannan wasan tun ina cikin zani, yanzu kuma aka ce in je in yi shi da furfura a gefen kaina.

Na je bayan la'asar, ban gaya wa Gwaggo ba. Na same shi a zaure a kan buzu, yana tufka igiya da rama, ƙafa a miƙe, ɗan yatsan ƙafar yana riƙe da bakin igiyar. Mutumin da rantsuwa take ci tun kafin a haife ni, ga shi nan ya haura casa'in, yana zare rama ba tabarau. Na yi sallama, na tattaro duk rashin kunyar da nake da ita na ce, “Tsoho, na zo bin kadin mijina. An ce kai ka raba ni da shi tun ban zo duniya ba.”

Ya ɗago ya dube ni ya daɗe. Sai ya yi dariya har haƙorin Makka ya fito.

Ya ce, “Ke ce mai leƙen nan da kwanon niƙa. Amaryar da aka hana ni, sai da ta tsufa aka kawo min. Zauna. Yaya jikin ubanki? An ce ƙafa ta kumbura.”

Ashe su ma suna da masu bi ta saman layi.

Na zauna. Na ce jiki sai addu'a, kuma shi ya aiko ni. Na faɗi abin da ya ce, ban rage ba. Na ɗauko waya, ya ce in mayar da ita jaka, ya riga ya yi magana sau ɗaya a gaban hukuma, ta ishe shi. Ya ajiye igiyar.

Ya ce, “Mun yi faɗa, wannan gaskiya ne. Ya zage ni, ya haɗa da abin da ba a faɗa wa ɗan'uwa. Ya juya zai kama guga, na ɗaga ƙotar fartanya na buga masa a nan.” Ya kai hannu bayan kunnensa na hagu. “Sau ɗaya. Ya dafe wurin ya juyo yana ta zagina. A tsaye na bar shi. Har na kai bakin hanya ina jin muryarsa, ina jin ƙarar jigon yana aiki. Na tafi kara ina huci. A can dogarai suka same ni.”

Na ce, “Amma ka rantse.”

“Na rantse, kuma ranar da na dafa Alƙur'ani zuciyata fes take. Wanda ka kashe ba ya bin ka da zagi har bakin hanya. Sai bayan shekara biyu wani ɗan kasuwa a nan garin jaki ya harbe shi a kai, ya tashi ya ci tuwo ya yi hira, da yamma ya kwanta bai tashi ba. Tun ranar ban ƙara sanin abin da na rantse a kai ba.” Ya matso kaɗan. “Ke da kika zagaya, gaya min. A ina raunin yake? Ni ba a bar ni na ga gawar ba. In a goshi ne, ba ni ba ne.”

Na ce masunci ya ce goshi. Fuskarsa ta saki kamar ta yaron da aka ce ya ci jarrabawa. Da na ga haka na so in tsaya a nan, wallahi na so. Amma na ce mai tukwane ta ce ƙeya, kuma masuncin yakan canja, ita kuma mai tukwanen ba ita ta gani ba.

Ya koma ya jingina da bango. Ya ce, “To. Kin ga ke nan. Ku kuna can kuna jira ta ci ni, ni ma ina nan ina jira. Ranar da haƙorin nan ya fita kwana uku ban ci abinci ba, na ce ta zo. Da na faɗo a gada na ce ta zo. Da ta ci ni, da na san ni ne, in nemi gafara a kan abin da na sani. Ta ƙi ci na, ta kuma ƙi gaya min ba ni ba ne.”

Na shiga gidan nan da shirin tsana ko shirin tausayi, na fito ba ko ɗaya a hannuna sai haushi. Haushin Gwaggo, haushin masunci da komarsa, haushin liman da ya wanke kan kakana bai gaya wa kowa abin da ya gani ba, da haushin kaina da na ci nama biyu a kan tarin ƙarya.

A hanya na shirya wa Baba ƙarya mai kyau, in ce goshi ne, masu shanu ne, ya je ya gaishe da Baffansa ya huta. Da na shiga na ga yadda ya zuba min ido sai na kasa. Na gaya masa yadda aka yi, har da ƙotar fartanya, har da bayan kunne.

Ya ce, “Wato ya buge shi.”

Na ce ya buge shi.

“Kuma shi ma bai sani ba.”

Na ce bai sani ba.

Kwana biyu bai ƙara tayar da maganar ba. A na uku da hantsi ya ce a samo ɗan sahu, a sa masa babbar riga. Gwaggo ta tsaya a tsakar gida ta ce in ya taka zauren nan ba ita ba shi, kuma jinin ubansu yana wuyansa. Baba ya ce, “Yaya, matsa min in wuce, ba ni da ƙarfin zagaye ki.” Ta matsa, don ba ta taɓa jin ya mayar mata da magana ba.

Layi biyu ne, amma sai da muka kama shi mu biyu muka shigar da shi zauren. Ya so ya durƙusa, ƙafa ta ƙi, sai ya zauna a ƙasa dirshan. Ya ce, “Baffa, ina kwana.” Tsohon ya ce, “Lafiya lau. Ina gajiya.” Ba gajiya. Yaya iyali, lafiya lau. Yaya jiki, da sauƙi. Yaya zafi, lokacinsa ne. Suka bi gaisuwar nan tun daga farkonta har ƙarshenta, da ta ƙare suka sake ɗaukowa daga farko, sau uku ina lissafawa. Ba wanda ya ambaci lambu, ba wanda ya ce a yafe. Daga nan Baba ya ce a tashe shi.

Ba a cika wata ba Baba ya rasu. Gwaggo ta samu hujjar da ta fi kowace girma, tana gaya wa duk matar da ta shigo gaisuwa cewa ya shiga zauren mutumin can da ƙafarsa, ga abin da ya biyo baya. Ciwon ƙodar shekara huɗu bai samu shiga labarin ba.

Ranar uku Baffa ya zo, ya zauna a ƙarshen tabarmar maza, ba wanda ya matsa masa, ba wanda ya kore shi. Da mutane suka ragu ya aika a kira ni soro. Wannan karon babu amarya babu wasa.

Ya ce, “Da kuka fita, ya ce wani abu? Ya ce ya yafe?”

Na ce bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba. Abu ɗaya ya faɗa a cikin ɗan sahu, shi ma ba da ni yake ba, waje yake kallo. Tsohon ya ce in faɗa masa ko mene ne.

Na ce, “Cewa ya yi, ‘Na manta muryarsu ɗaya ce. Shekara hamsin muryar ubana tana nan layi biyu da ɗakina, ban je na ji ba.’”

Baffa ya lalubi sandarsa ya miƙe, ya fita bai yi wa kowa sallama ba.